Mai Kaɗa Mana Piyano Ran Lahadi, Ina Za Shi Bayan Aji Shida?

A kowace shekara, idan lokacin sallamar 'yan aji shida ya zo, mukan ji ana lissafin waɗanda za su karanta likitanci, da masu son aikin lauya, da injiniyoyi, da waɗanda Ubangiji ya kira zuwa makarantar tauhidi. Wannan duka daidai ne, muna kuwa yi musu addu'a. Amma akwai wani ɗalibi wanda ba a cika sa shi cikin lissafin ba, ko da yake babu wanda bai san fuskarsa ba. Shi ne yaron nan ko yarinyar nan da ke zaune a bayan kibod a ɗakin sujada, wanda idan zazzaɓi ya kwantar da shi ran Lahadi kowa sai ya san ba ya nan. Idan irin wannan ɗalibi ya ce shi kiɗa yake so ya karanta a jami'a, amsar da yakan samu ita ce dariya, ko kuwa a ce masa ai ya riga ya iya, me kuma ya rage ya koya? A ganinmu amsoshin nan biyu duka suna cutar yaron. Ta biyun ma ta fi cutarwa, domin ta zo da kamar yabo.

Bari mu fara da bayyana ƙofar da zai bi. Mai son karanta lissafi ko tarihi, sakamakon WAEC ko NECO da makin JAMB su ne suke yi masa magana. Mai son karanta kiɗa kuwa, a makarantun da suka ɗauki abin da gaske, takarda kaɗai ba ta isa ba. Dole ya zauna a gaban malaman sashen ya kaɗa su ji da kunnensu. Wannan shi ne gwajin kiɗa, wanda masu abin suke kira odishin. Sau da yawa ba ya wuce minti 10 zuwa 20. A cikin wannan ɗan lokaci ne za a auna aikin shekaru, a kan piyanon da ɗalibin bai taɓa taɓawa ba, a gaban mutanen da ba su san shi ba, ba su kuma san irin yabon da yake sha a majami'arsu ba.

Me ake nema ya kaɗa? A manyan makarantun kiɗa na Amurka da Ingila jerin kusan iri ɗaya ne. Akan nemi kiɗa ɗaya na Bach, yawanci daga littafinsa mai kiɗa 48 wanda ya kammala kashi na farkonsa a 1722. Akan nemi sonata, wato dogon kiɗa mai sassa uku ko huɗu, na Haydn ko Mozart ko Beethoven. Beethoven shi kaɗai ya bar sonata 32 na piyano masu lamba. Sai kiɗa ɗaya daga ƙarni na 19, kamar na Chopin ko Schumann ko Brahms, da wani kiɗa mai sauri na horon yatsu, wani lokaci kuma da ɗaya daga ƙarni na 20. A wurare da yawa duk wannan da ka ake kaɗa shi, ba takarda a gaba. Bayan haka ana iya miƙa wa ɗalibi rubutaccen kiɗan da bai taɓa gani ba a ce ya kaɗa nan take, a kuma gwada kunnensa.

Kada sunan Bach ya tsorata kowa. Mutumin nan ma'aikacin ikilisiya ne. Daga 1723 har mutuwarsa a 1750 shi ne shugaban mawaƙa a majami'ar Toma ta birnin Laifzig a Jamus, yana koyar da yaran makarantar kwana ta majami'ar, yara irin namu. Shi ma sai da ya yi gwaji kafin a ba shi aikin, kuma ba shi ne wanda hukumar garin ta fara so ba. Telemann suka fara zaɓa, ya ƙi zuwa. Suka koma kan Graupner, ubangidansa ya hana shi tafiya. Sa'an nan ne aka ɗauki Bach. Abin da ya sa malaman gwaji suke nacewa a kan kiɗansa shi ne ba ya ɓoye kasalar hannu. A cikin irin kiɗan da ake kira fuga, muryoyi uku ko huɗu ne suke tafiya tare, kowace da nata waƙar, kamar yadda sofurano da alto da tena da bas suke yi a ƙungiyar mawaƙa, sai dai a nan yatsu goma na mutum ɗaya ne za su rera dukansu. Hannun hagu ba ɗan rakiya ba ne.

To, yanzu mu dubi namu makaɗin da idon gaskiya. Yana da abin da ɗalibai da yawa a Turai suke nema ba su samu ba. Idan wata uwa daga zumuntar mata ta tayar da waƙa ba tare da ta faɗa wa kowa ba, kafin ta gama layin farko ya riga ya kamo muryarta. Ya san yadda ake bin jama'a idan sun ja waƙa, ya san yadda ake ɗaga su idan sun yi sanyi. Ba ya rawar jiki don mutane ɗari biyar suna kallonsa. Wannan baiwa ce, ba kuwa ƙarama ba. Amma yawancin irin waɗannan yara da kunne suka koya. Idan sun iya karatun kiɗa, to solfa ne, do re mi ɗin nan da 'yan mishan suka kawo, wanda wani fasto Bature mai suna John Curwen ya yaɗa a ƙarni na 19 domin talakawa su iya rera waƙoƙin sujada. Solfa ya yi wa ikilisiya aiki mai kyau, har yanzu yana yi. Sai dai kiɗan Bach da Beethoven ba da shi aka rubuta su ba. An rubuta su a kan layuka biyar-biyar, na hannun dama a sama, na hagu a ƙasa, wanda bai iya karanta wannan rubutu ba kuwa ya zama kamar mai haddar da ba ya iya buɗe littafi.

Akwai kuma maganar kayan kiɗan kansa. Cikakken piyano yana da madannai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, kowane kuwa yana da nauyi, domin guduma ce yake tunkuɗawa ta bugi tsirkiya. Ƙarfin taɓawarka shi ne ƙarfin sautin. Kibod ɗin da ke yawancin majami'unmu madannai 61 gare shi, marasa nauyi, yatsa yana taɓawa sun nutse. Yaron da ya shekara shida a kan irin wannan, ranar da ya zauna a gaban piyano na ainihi zai ji kamar an ɗaura wa yatsunsa duwatsu. Sa'an nan ga maɓallin nan na sauya ki, wanda yake barin mutum ya kaɗa kowace waƙa a ki ɗaya ko biyu da ya saba, na'ura ta yi masa sauran aikin. Ran Lahadi babu wanda zai gane. A ɗakin gwaji babu wannan maɓalli, ki 24 ne, manya 12 da ƙanana 12, kowanne ana iya cewa ya hau ya sauka a kansa da hannu biyu.

Saboda haka idan muka ce wa yaro ai ka riga ka iya, mun rufe masa ido daga tazarar da ke gabansa. Tazarar kuwa ana iya auna ta. Akwai hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila, ABRSM, wadda aka kafa a 1889, da kuma ta Trinity, duka suna da matakai daga 1 zuwa 8. A jarrabawar ABRSM ta gaban mai gwaji ana kaɗa kiɗa uku, a yi hawa da sauka a kan ki dabam-dabam, a yi karatun nan take, a yi gwajin kunne. Maki 150 ne gaba ɗaya, 100 ne ci, 130 kuma shi ne ci da fifiko. Kafin a bar mutum ya shiga mataki na 6 sai ya ci mataki na 5 na ilimin rubutun kiɗa ko makamancinsa. Manyan makarantun kiɗa na Ingila suna sa ran mai neman shiga ya kai ƙwarewar mataki na 8. Yawancin yara mataki ɗaya suke hawa a shekara. Mai kunne da himma yana iya tsallake wasu, amma ko shi ba zai fara a zangon ƙarshe na aji shida ya kai ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai yi wannan gwaji yana da shekara 18, tun yana aji ɗaya ko biyu na ƙaramar sakandare ya kamata a san da zamansa.

Akwai labarin wata yarinya da ya kamata kowane dattijon ikilisiya ya sani. Sunanta Eunice Waymon, baƙar fata ce, an haife ta a 1933 a wani ƙaramin gari mai suna Tryon a jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Mahaifiyarta mai wa'azi ce a ikilisiyar Metodis, tana kuma yin aikatau a gidan Turawa. Tun Eunice tana 'yar ƙarama take kaɗa piyano a sujada, da kunne, kamar dai namu yaran. Matar da uwar take yi wa aiki ta ji ta, ta biya mata kuɗin koyo a wurin wata malama 'yar Ingila mai suna Muriel Mazzanovich, wadda ta ɗora ta a kan kiɗan Bach. Daga baya mutanen garin suka buɗe asusu da sunan yarinyar. Da wannan taimako ta shiga makarantar kwana ta 'yan mata ta Allen a Asheville, wadda matan Metodis suka kafa, ta gama a 1950 ita ce ta ɗaya. Ta tafi makarantar kiɗa ta Juilliard a New York ta ƙara shiri, da nufin shiga Curtis a Filadelfiya, makarantar da tun 1928 ba ta karɓar kuɗin karatu, ɗalibanta duka kuwa ba su kai 200 ba. Iyalinta har sun ƙaura zuwa Filadelfiya don sun tabbata za a ɗauke ta.

A 1951 ta yi gwajin, ba a ɗauke ta ba. Har ƙarshen ranta ta gaskata cewa launin fatarta ne ya jawo, mutanen makarantar kuwa sun musanta haka. Ta ci gaba da koyo a wurin wani malamin Curtis ɗin da kuɗinta, tana koyar da yara don ta samu na biya. A 1954 ta fara kiɗa a wata mashaya a Atlantic City, ta sauya suna don kada mahaifiyarta ta ji. Da sunan nan, Nina Simone, duniya ta san ta. Kwanaki kaɗan kafin ta rasu a Faransa a watan Afrilu na 2003, Curtis ta ba ta takardar girmamawa.

Ba mun kawo wannan labari don mu ce wa yaranmu su bi hanyar mashaya ba, ita kanta ba abin da ta so ke nan ba. Abin da muke so a lura da shi shi ne, kafin yarinyar nan ta kai ko da ƙofar ɗakin gwajin, sai da gari guda ya sa hannu a aljihu. Baiwarta ta fito a majami'a, amma malama da asusu da makarantar mishan ne suka mai da baiwar ta zama ƙwarewa. Abu na biyu kuma, duk da wannan shiri an ƙi ta. Alƙalan gwaji mutane ne, gurabe kaɗan ne, wani lokaci ma akwai son zuciya. Iyalin da suka rataya dukan begensu a kan makaranta ɗaya sun sha wuya. Ɗalibinmu ya nemi wurare uku ko huɗu, ya kuma san abin da zai yi idan duk ba su amsa ba a shekarar farko.

Ba lallai sai an haye teku ba. Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961. Akwai sashen kiɗa a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife. Makarantar tauhidi ta Baptis a Ogbomoso tana koyar da kiɗan ikilisiya. A Legas akwai ƙungiyar MUSON, wadda aka kafa a 1983, tana shirya nata jarrabawar matakai, tana kuma da makarantar difloma ta shekara biyu a Onikan, wadda gidauniyar MTN ta fara ɗaukar nauyin ɗalibanta a 2006. Kowa zai lura cewa duk waɗannan a Kudu suke, yaranmu kuwa za su yi takara ne da waɗanda suka tashi kusa da malamai da piyano. Wannan ma dalili ne na fara shiri da wuri. Ya kamata kuma ɗalibi ya rubuta wa kowace makaranta ya karɓi jerin abin da take nema a shekarar da zai shiga, gama sharuɗɗan sukan canja.

Masu tsoron kada karatun nan ya mai da yaranmu Turawa, su dubi Akin Euba, wanda ya rasu a 2020. Ya yi karatun piyano a Trinity ta Landan, ya dawo ya yi bincike mai zurfi a kan gangar dundun ta Yarabawa, 'yar'uwar kalangunmu, ya kuma koyar da cewa ana iya sa piyano ya yi magana irin ta gangunan Afirka. Joshua Uzoigwe ya bi wannan hanya da kiɗan Ibo. Muna ɗokin ganin ranar da ɗanmu ko 'yarmu za su zauna su rubuta wa piyano abin da suka ji a kalangu da goge da molo, da waƙoƙin zumuntar mata na garuruwanmu. Kunnen da za a yi aikin da shi muna da shi. Alƙalamin ne ba a ba su ba.

Mun san abin da ke zuciyar iyaye. A ƙasarmu an daɗe ana haɗa kiɗa da roƙo, uba kuwa ba ya so a ce ya biya kuɗin makaranta shekara shida ɗansa ya fito maroƙi. Amma mu da muke karanta Littafi Mai Tsarki mun san wani tsari dabam. A 1 Tarihi sura 25 an ƙidaya mawaƙa 288 horarru a ƙarƙashin Asaf da Heman da Yedutun, akwai malamai akwai almajirai. A sura 15 an sa Kenaniya ya shugabanci waƙa saboda ya ƙware. Dawuda ma, da fādawan Saul suka tashi neman mai kiɗa, gwani suka nema. Ba mu ga inda aka ce tun da aikin na Ubangiji ne a yi shi yadda aka ga dama ba. Game da abinci kuwa, ba za mu ruɗi kowa ba. Kaɗan ne ƙwarai suke rayuwa da kaɗa piyano a manyan zauruka, ko a Turai. Yawanci malamai suke zama, ko shugabannin mawaƙa, ko su shiga ƙungiyar badujala ta soja ko ta 'yan sanda, ko aikin rediyo da ɗakin ɗaukar sauti. Aiki ne na rufin asiri kamar sauran. Ba kuma kowane mai taɓa kibod ne aka kira zuwa wannan karatu ba. Wani zai zama likita ya ci gaba da kaɗa wa ikilisiyarsa, wannan ma albarka ce. Gwajin mai sauƙi ne: a ba yaro shafi ɗaya mai wuya, a ga ko zai zauna da shi awa biyu kullum har wata guda ba tare da kowa ya tafa masa ba.

Ga abin da muke roƙo. Ikilisiyar da ta iya sayen manyan lasifikoki da janareta ta iya sayen piyano mai madannai 88. Mun san piyanon katako yana shan wahala a wurinmu, hunturu yana busar da shi, tsirkiyoyinsa sama da 200 suna saki, masu gyaransa kuwa ba su da yawa a Arewa. To, a sayi na lantarki mai madannai masu nauyi da feda, a ajiye shi inda ɗalibi zai samu shiga kowace rana, ba a kulle shi a ofis sai ran Lahadi ba. Hukumar makaranta ta nemi malami ko da mai zuwa sau ɗaya ne a mako, wanda ya iya rubutun layi biyar, a kuma yi ƙoƙari a riƙa rubuta kiɗa a WAEC, tun da darasin yana nan cikin jerin. Tsofaffin ɗalibai su ɗauki nauyin kuɗin jarrabawar matakai da na mota ga yaro ɗaya ko biyu a shekara. Sa'an nan a bar 'yan mata su zauna a kan kujerar. A majami'u da yawa samari ne suke gadon kibod daga hannu zuwa hannu, 'yan mata suna tsaye da makirufo, ba don an gwada su an ga ba su iya ba.

Ku kuma ƙannenmu masu wannan buri, naku aikin ya fi na kowa. Ku cire hannu daga maɓallin sauya ki tun yau. Ku ɗauki Littafin Waƙoƙi, ku nemi bugun waƙoƙin mai rubutun layi biyar, ku kaɗa muryoyi huɗun yadda aka rubuta su, waƙa ɗaya sabuwa kowace rana. Babu horon karatun nan take da ya fi wannan araha. Ku zaɓi kiɗan da kuka fi ƙarfinsa, gama malaman gwaji sun fi son mai sauƙi da aka kaɗa da tsabta a kan mai wuya da aka yi wa kame-kame. Ku roƙi shugaban makaranta ya ba ku minti biyar a taron safe ku kaɗa abin da kuka haddace, domin kaɗa kai kaɗai a gaban mutanen da suka yi tsit dabam yake da rakiyar jama'a masu waƙa, inda muryoyi suke rufe kuskure. A ranar gwaji, idan yatsa ya zame kada ku tsaya, kada ku koma farko, ku ci gaba. Idan malaman suka tsayar da ku a tsakiyar kiɗa, ba alamar faɗuwa ba ce, lokaci ne ba su da shi, suna so su ji na gaba.

Masu hangen ƙasashen waje su riƙe kwanakin nan. Makarantun kiɗa na Ingila yawanci a farkon Oktoba suke rufe karɓar takardu, su yi gwaji a Nuwamba da Disamba. Na Amurka da yawa suna so a aika musu da bidiyon kiɗan ɗalibi zuwa 1 ga Disamba, wanda ya tsallake wannan ne ake kira gwaji tsakanin Janairu da Maris. Wato ɗan aji biyar da yake karanta wannan shafi yana da dogon hutun nan mai zuwa ne kawai ya gama haddar abin da zai kaɗa.